Kunnuwa, Sojan Famfo, da Saƙon Ranar Alhamis

"Duk wanda na tambaya sai ya ce mini Allah ne masani. Ai ni ma na san Allah ya sani, Kaka. Ku nake tambaya."

Mai wannan ƙorafi yarinya ce 'yar shekara bakwai, wadda a gida ake kira Lauya saboda ba a ba ta amsa ɗaya ta ƙyale mutum. Tambayarta tun da ta yi wayo guda ce: mahaifinta, sojan da ya rasu a bakin daga a makon da aka haife ta, ya ji labarin zuwanta duniya kafin ya cika, ko bai ji ba? Kakarta ta wajen uba tana kan keken ɗinki a lokacin. Ba ta ɗaga ƙafa daga feda ba ta ce mata ta sami wuri ta zauna, magana irin wannan ba a kama ta ta tsakiya, daga wuya ake fara auna riga. To ga tarihin marigayin tun daga farko. Abin da aka sani an faɗe shi, abin da ba a sani ba an bar gurbinsa a buɗe.

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuni na shekarar 1994, da hantsi, a garin da iyayensa suke zaune har yau, a layin bayan gidan ruwa, gida na uku in an wuce babban tanki. Mahaifinsa ma'aikacin gidan ruwa ne, cikin masu haƙa rami da ɗaura bututu, ya yi shekara talatin da ɗaya a kan wannan aiki kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Mahaifiyarsa mai ɗinki ce, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa a cikin gida. Karatunta na boko bai wuce aji huɗu ba, amma ba a taɓa dawo mata da wando a ce ya yi gajere ba. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, mata biyu a gabansa, mace da namiji a bayansa.

Sunan da aka raɗa masa yana nan a takardunsa, sai dai babu mai kiransa da shi in ba malamin aji ba. Ranar da aka haife shi gwaggonsa ta karɓe shi ta juya shi hagu da dama, ta ce ita dai kunnuwa ta ga an haifa, wataƙila yaron yana tafe a baya. Daga ranar ya zama Kunnuwa, a gida da makaranta da bariki, har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ƙuruciyarsa da karatunsa

Bai yi magana da wuri ba. Sai da ya kusa shekara uku kafin ya haɗa kalma biyu, har dangi suka fara kawo shawarwari iri-iri. Mahaifiyarsa ta ce a bar mata ɗanta, wanda yake jin ƙarar buɗe gwangwanin madara daga bakin ƙofar gida ba kurma ba ne, abin faɗa ne bai samu ba tukuna.

Yana da shekara shida, wata ranar Asabar da safe, ya ce wa mahaifinsa ruwa yana kuka a ƙarƙashin dakalin maƙwabta. Uban ya leƙa, ƙasa a bushe ƙayau, ya ce masa ya tafi wasa. Yaro ya maimaita washegari, ya sake maimaitawa ranar Litinin, har uban ya gaji ya ɗauko diga don ya kashe maganar. Bai kai kamu huɗu ba ya tarar da bututu ya tsage, ruwa yana tsiyaya yana bin ƙasa. Daga nan abokan aikin uban suka riƙa zuwa aronsa ranar Asabar, kamar yadda ake aron tsani. Mahaifiyarsa ta gindaya sharaɗi biyu: a dawo da shi kafin azahar, kuma duk wanda ya yaga masa wando shi zai zo ya zauna ya ɗinke.

Ya shiga firamare a shekarar 2000, ya gama a 2006, ya wuce sakandare ya kammala a 2012. A karatu ba ya gaba ba ya baya. Wani malaminsa ya taɓa rubuta a katinsa cewa yaron yana jin komai a makarantar in ban da darasi. A karatun Alƙur'ani kuwa ya kai izu ashirin da biyu, kuma in ana karatu a masallaci liman ya yi tuntuɓe, za a ga kunnensa ya motsa ko da kunya ta hana shi gyarawa.

Sana'arsa

Daga 2012 zuwa 2014 ya yi aikin gyaran famfo a ƙarƙashin wani tsohon abokin mahaifinsa. Kayan aikinsa bai wuce sufana biyu da guntun zarto da wata doguwar sandar ƙarfe ba. Sandar nan zai kafa bakinta a ƙasa, ya manna kunne a ɗaya bakin, ya rufe ido, ya matsa taku biyu ya sake kafawa. Mutanen layi suka riƙa cewa ga likitan ƙasa nan yana duba maras lafiya. In ya tsaya ya zana da'ira da dunduniya, nan za a haƙa, kuma da wuya a haƙa sau biyu. Ogansa yakan ce shi bai koya wa yaron komai ba sai yadda ake yi wa masu gida magana, wannan ma bai koya ba.

Shigarsa aikin soja

A wannan tsakanin yaƙi ya yi tsanani a can ɗaya gefen ƙasar, aka buɗe ɗaukar sababbin sojoji a farkon shekarar 2014. Wani abokinsa ne ya ce ya raka shi wurin tantancewa. Aka auna ƙirjin abokin aka ce bai kai ba, aka duba ɗan rakiya aka ce ya shigo layi.

Mahaifiyarsa mace ce mai son sanin dalilin abu, don haka ta tambaye shi sau uku a ranaku daban-daban abin da ya kai shi. Karo na farko ya ce ya gaji da shiga banɗakin mutane. Karo na biyu ya ce yana so ya ga inda hanyar da ta bar garinsu ta ƙare. Karo na uku sai ya zauna yana naɗa mata zare a ƙwarƙwaron keken ɗinki. Ta gane magana ta zauna, ba ta hana shi ba. Ta yi masa addu'a, ta ɗinka masa aljihun ɓoye a cikin singileti uku, ta ce masa duk inda ya sami kansa kada ya bar salla ta haɗu masa biyu in yana da iko. Mahaifinsa kuwa mako guda bai yi masa magana ba. Ranar tafiya ya miƙa masa sufanarsa ta aiki ba tare da ya kalle shi ba, ya ce ta bariki ba za ta yi kyau ba.

Ya yi horo na wata shida. Ya dawo hutu a rame, an aske masa kai ƙwal, babbar yayarsa ta ce an share gona an bar bishiya biyu. A lokacin horon ne ruwa ya ɗauke a barikin kwana huɗu, aka yi ta haƙa ba a gano inda matsalar take ba, har ya nemi izini ya ari sandar ƙarfen labule ya zagaya bayan ɗakin girki sau ɗaya. Da aka gama horo ba a tambaye shi abin da yake so ba, aka tura shi sashen injiniyoyi, ɓangaren ruwa.

Da labarin ya zo gida mahaifiyarsa ta yi hamdala, a tunaninta famfo da harsashi ba hanyarsu ɗaya ba. Sai daga baya ta fahimci cewa wanda yake so ya sauko da runduna daga kan tudu ba ya wahalar da kansa da hawa, ruwansu yake nema.

Aurensa

A hutunsa na ƙarshen shekarar 2015 famfon gidan wani maƙwabci, mai sayar da katako, ya fara ba da matsala. Ya je ya gyara. Bayan kwana biyu ya koma ya duba ko gyaran ya zauna, ya sake komawa, ya kuma komawa. A zuwa na huɗu mai gidan ya fito ya ce masa shi dai a iya saninsa famfo lafiyarsa ƙalau, in mai gyaran ne ba shi da lafiya to ya turo manyansa. 'Yar gidan ta biyu, wadda take aiki a wani kemis a bakin titi, ita ce ciwon.

An ɗaura aure ranar Asabar, sha huɗu ga watan Mayu na 2016. Suka zauna a ɗaki biyu da aka yanka musu a gefen gidan iyayensa, mako shida cif, sannan aka kira shi. Ya sake zuwa sau ɗaya a watan Nuwamba, kwana biyar, lokacin ciki ya fito. Matarsa ta ba da labari daga baya cewa ya manna kunne a cikinta ya daɗe, ido a rufe, sannan ya ɗago ya ce babu inda yake yoyo, amma na ciki akwai surutu. Ya bar wasiyya cewa ranar da aka sauka, ko ta wane hali, a aika masa.

A bakin daga

A watan Disamba na 2016 aka kai rundunarsu wani sansani a kan tudu, su kimanin ɗari da hamsin. Babu ruwa a saman. A gindin tudun, tafiyar rabin sa'a, akwai kogi, a bakinsa kuma wani ɗan ɗakin bulo mai rufin kwano wanda aka girke injin tura ruwa a ciki. Bututu ya tashi daga nan ya hau har babban tankin da ke tsakiyar sansanin. Aikin Kunnuwa ke nan: ya tayar da inji da sassafe, ya cika tanki, ya kashe, ya rufe makullin bututu don kada ruwan ya gangaro baya. Shi da sojoji uku masu gadi suke sauka su yi mako guda a ɗakin injin, su hau su huta kwana biyu, su sake sauka.

Waya ba ta kamawa a wurin ko kaɗan. Hanyar saƙo ɗaya ce, wato motar kaya da take kawo abinci da man inji kowace Alhamis da hantsi. Direbanta ba soja ba ne, ɗan kwangila ne ya ɗauke shi. Gajere ne mai wushirya, babban yatsansa na hagu ba farce, ana kiransa Ba Gaggawa saboda abin da aka rubuta a goshin motar ke nan. Da yake hanyar ta gaban ɗakin inji ta bi, nan yake fara tsayawa ya sauke duro biyu na mai, ya sha shayi, sannan ya hau tudu.

Ba Gaggawa bai iya karatu ba, kuma an hana shi ɗaukar takarda, don haka da ka yake riƙe saƙo. In iyalan soja suka kira shi yana gari, sai ya ƙulla ƙulli ɗaya a igiyar da ke rataye a madubin motarsa, in ya isar ya kwance. Yawanci ba ya kuskure. Sau ɗaya ne ya yi wa wani saje albishir ɗin an haifa masa tagwaye, aka yi ta murna har yamma, ashe akuyarsa ce ta haihu.

Ta bakin wannan direba gida suka riƙa jin Kunnuwa tsawon wata uku. Saƙonninsa gajeru ne: yana lafiya, yana gaida kowa, a aiko da safa. Sau biyu ya ce a ce wa Baba ya aiko da robar bakin famfo da zaren naɗe bututu. Waɗannan saƙonni biyu sun fi sauran faranta wa uban rai, da kansa ya ɗingisa ya je kasuwa ya zaɓo.

Haihuwar 'yarsa

Ranar Lahadi, biyar ga watan Maris na 2017, bayan la'asar, matarsa ta sauka lafiya a asibiti. Washegari Litinin ƙanensa ya kira direban. Mahaifiyarsa ba ta yarda da saƙon baki biyu ba, ta karɓe wayar ta faɗa masa da kanta: mace ce, tana lafiya, uwar tana lafiya, kuma ta kwaso kunnuwan. Ta sa shi ya maimaita sau uku. Direban ya yi dariya ya ce ya ƙulla, kuma ya yi ƙullin da ya fi kowanne girma, ranar Alhamis mai zuwa in Allah ya yarda zai karɓi goron albishir.

Rasuwarsa, da saɓanin da ke kan ranarta

Ranar Litinin, ashirin ga watan Maris, da safe, sojoji biyu suka yi sallama a ƙofar gida da takarda. Takardar ta ce an kai hari ɗakin inji, mutum uku sun rasu har da shi, ɗaya ya tsira da rauni, kuma ranar rasuwa ita ce Talata, bakwai ga Maris. Mahaifiyarsa ta yi salati, ta ƙirga da yatsu: Talata tana gaban Alhamis. Ke nan saƙo bai same shi ba. A kan haka gidan ya zauna shekara biyu.

A shekarar 2019 aka kira ta ta karɓi akwatinsa a ofishin runduna. Tana jira a kan benci sai ta tambayi magatakardan ko da wane lokaci ne abin ya faru ranar Talatar, safe ko yamma. Ya ce bai sani ba. Ta ce to wa ya ba shi ranar? Ya ajiye biro ya dube ta.

"Mama, mu ba ranar mutuwa muke rubutawa ba. Ranar da mutum ya amsa sunansa na ƙarshe a fareti muke rubutawa. Ƙa'ida ce."

Da ta bi diddigi sai ga yadda abin yake. Ranar Talata da safe Kunnuwa ya amsa sunansa a kan tudu, ya sauka ɗakin inji da mutanensa uku. Masu aikin inji ba sa hawowa fareti. A cikin makon abokan gaba suka datse hanya, ba a sami sauka ba sai ranar Lahadi, sha biyu ga wata, aka tarar da ɗakin a ƙone. Tsakanin Talata da Lahadi babu wanda ya rubuta komai. Ta ce wa magatakardan a sana'arta wanda bai auna ba ba ya yanka, ta ɗauki akwati ta fito. Tun a mota ta fara lissafin waɗanda za ta nema.

Kukun sansanin ta fara samu, bayan wata biyar, ya bar soja yana tuya a wata tasha. Ta tambaye shi ranar da suka ji harbi daga gindin tudu. Ya ce a makon nan kullum harbi ne ta kowace kusurwa, ba mai iya ware na wani. Amma abu ɗaya ya riƙe, don aikinsa ne: famfon ɗakin girki bai ƙafe ba sai ranar Juma'a da safe, yana tsakiyar wanke tukwane. Ta dawo gida da murnarta, ta ce ruwa har Juma'a, ke nan yaro yana raye ranar Alhamis.

Mahaifinsa ya ce ta dakata. Ya tambayi girman tankin, ta ce kuku ya ce faɗinsa taku huɗu, tsayinsa mutum biyu. Ya karɓi allin ɗinkinta ya durƙusa a kan siminti da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya yi ta zane. Ya ce tanki irin wannan in ya cika, mutum ɗari da hamsin za su yi kwana biyu da shi in sun yi tattali, in kuwa sun yi wanka irin na sojoji, kwana ɗaya. Saboda haka inji ya yi aikinsa na ƙarshe ko Laraba da safe ko Alhamis da safe. Talata dai ta fita, amma Laraba tana nan daram. Ta ce masa shekara talatin da ɗaya a gidan ruwa, iyakar abin da zai iya ke nan? Ya ce ruwa ba ya rubuta kwanan wata.

Na biyu shi ne wanda ya tsira, wani kofur, wanda aka gano a 2021 yana gadi a wata makaranta. Kunnensa ɗaya ya mutu, kuma ya yi kwanaki a cikin ciyayin bakin kogi da harsashi a cinya da zazzaɓi, ranakun duk sun cakuɗe masa. Abin da ya riƙe shi ne, bayan azahar ne. Suna zaune Kunnuwa ya ɗaga hannu ya ce motoci suna zuwa kuma ƙarar ba ta tasu ba ce, alhali su ba su ji komai ba. Ya ce su faɗa ciyayi. Har sun kama gudu sai ya tuna ya bar makullin bututu a buɗe saboda wani gyara da yake yi, in aka bar shi haka ruwan tankin zai gangaro kogi kafin yamma, mutanen tudu su wayi gari ba ko na alwala. Ya juya. Biyu suka bi shi don su kare shi. Kofur ya ce ya hango shi ta ƙofa ya dafe makullin da hannu biyu yana murɗawa, daga nan bai sake ganin komai ba. Da aka maimaita wa uban wannan, sai ya ce ko shi ne da ya koma.

Ta tambayi kofur ko motar kaya ta zo a ranar. Ya ce yana ganin motar a idonsa, yana ganin direban yana shan shayi, amma Alhamis goma sha biyu motar tana zuwa, bai san ta wane mako yake gani ba. Sai ya ƙara da wani abu da ba ta tambaya ba. Ya ce a shayinsu na ƙarshe Kunnuwa ya juye musu sukarinsa gaba ɗaya a buta, ya faɗi wata magana duk suka yi dariya, amma maganar ta fita daga kansa tare da jin kunnen. Mahaifiyar Kunnuwa ta san ɗanta yana ba da riga, yana ba da takalmi, amma sukari ko ƙannensa bai taɓa ɗanɗana wa ba. Ta kawo wannan hujja gida, ta ce murnar albishir ce. Uban ya ce wataƙila tururuwa ce ta shiga ledar.

Na ƙarshe shi ne mai motar, ɗan kwangilar da ya ɗauki direban. Ya ce ranar Alhamis ɗin da yamma Ba Gaggawa ya dawo da mota, ƙofar direba da huda biyu, buhunan abinci suna nan ba a sauke ba, amma duro biyun mai babu su. Ko ya sauke su a ɗakin inji kamar kullum, ko ya ture su a hanya don mota ta yi sauƙi, ko ƙwace su aka yi, bai faɗa ba. Ya ajiye makulli a kan tebur ya ce ya bar aiki, ya fita. Lambarsa ta daina shiga tun daga ranar. Mai motar bai san garinsu ba, a tasha ya ɗauke shi.

Da yarinya ta fara tambaya, mahaifiyarta ta sami surukarta a ɗakin ɗinki ta ce, "Inna, mu ce mata ya ji kawai. Yarinya ce, hankalinta zai kwanta."

"Yau ne take yarinya," in ji tsohuwar. "Ban gani ba, ba zan yi shaida ba. In ya ji, ina so ta samu da gaskiyarsa, ba wanda muka ɗinka mata ba."

Abin da ya tabbata ke nan: ya rasu bayan azahar, ko Laraba takwas ga Maris, ko Alhamis tara ga Maris na 2017, yana da shekara ashirin da biyu da kusan wata tara, bayan shekara uku yana aikin soja. Allah ya jiƙansa da rahama, ya karɓi shahadarsa da ta abokan tafiyarsa.

Jana'izarsa

An yi masa salla tare da abokan aikinsa biyu ranar Litinin, sha uku ga watan Maris, limamin bariki ne ya ja, aka binne su a maƙabartar sojoji da ke kusa da babban sansanin yankin. Babu ɗan gida ko ɗaya a wurin, don labari bai iso ba sai bayan mako guda. Kabarinsa yana layi na huɗu, na shida daga bakin hanya. Mahaifinsa da ƙanensa sun kai ziyara a watan Yuli na shekarar. Bayan sun yi addu'a uban ya lura famfon bakin maƙabartar yana ɗiga, ya aika aka samo masa roba, bai bar wurin ba sai da ya tsaya.

Waɗanda ya bari

Ya rasu ya bar mahaifinsa da mahaifiyarsa, dukansu suna raye. Ya bar yayye mata biyu, babbar malamar firamare ce, ta biyun tana aure a wani gari, sai ƙanwa mai koyon aikin jinya, da ƙane wanda ya gaji sandar ƙarfen amma bai gaji jin ba. Ya bar mata ɗaya, wadda ta sake aure a 2020 da yardar gidan duka, kuma har yau ba ta kwana uku ba ta leƙo ba. Ya bar 'ya ɗaya tilo, tana aji biyu na firamare, ita ce ta ɗaya a ajinsu.

Mutum ɗaya ya rage wanda ba a ji ta bakinsa ba. Saboda haka ana roƙon duk wanda wannan tarihi ya je hannunsa, direba ne ko ɗan tasha ko mai shayi, in ya san wani gajeren direba mai wushirya wanda babban yatsansa na hagu ba farce, wanda ya taɓa jan motar kaya zuwa bakin daga a farkon 2017, ya taimaka don Allah ya gaya masa ana nemansa a layin bayan gidan ruwa, gida na uku in an wuce babban tanki. A gaya masa ba laifi aka ɗora masa ba, wanda ya juya da mota a ƙarƙashin harsashi babu mai tuhumarsa. In ya isar, a zo a faɗa. In bai isar ba, shi ma a zo a faɗa, gidan zai iya ɗauka. In tafiyar ta yi masa nisa, ya aiko da kalma ɗaya ta bakin wanda ya yarda da shi: ranar Alhamis ɗin nan, ya same shi da rai?